Yadda Muka Nemo Auren Baba Bitrus a Cikin Kwali

Shekarata goma sha bakwai, amma a sana'ar hoto ni tsohuwar hannu ce. Da ana ba da fansho a aikin nan, da yanzu ina gida na miƙe ƙafa ina shan kunu. Saboda haka ku yaran da kuke leƙo mana shago bayan an tashi daga makaranta kuna cewa ai hoto dannawa ne kawai, ku jawo benci ku zauna. Na yarda wayar hannunku tana ɗaukar hoto. Akuyar maƙwabtanmu ma ta taɓa taka wayata ta ɗauki gajimare, kuma ya fito tas. Har yau ba wanda ya gayyace ta biki.

Sunana Godiya. Shagon na babana ne, Danladi Mai Hoto, a nan Kafanchan, tsakanin mai aski da matar da ke sayar da manja. Aikin da na fara yi masa gadi ne, tun ban kai tsayin teburin shagon ba. Ranar Asabar idan ana ɗaurin aure, Baba zai bi jama'a yana ɗauka ba tare da ya tambayi kowa ba, ya haye babur ya je ya wanko, ya dawo kafin shinkafa ta ƙare. Sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar majami'a mu baza hotunan, mu danne kowanne da tsakuwa. Ni ce mai tsaron su daga iska, da yara masu maiƙo a hannu, da wata irin mama da za ta sunkuya tana cewa "kai, ban yi kyau ba," hoton kuwa ya riga ya shige cikin zani. A bakin tabarmar nan na gane cewa ba mai kallon hoto. Kowa fuskarsa yake nema. Idan ya same ta kuma ta yi masa, ya saya. Idan ya tarar idonsa a rufe ko bakinsa cike da nama, sai ya miƙe kamar bai taɓa ganin mutumin ba.

Waɗanda aka ƙi karɓa, Baba ba ya ƙona su. Ya ce fuskar mutum ba shara ba ce. A kwali yake zuba su, ya rubuta sunan garin a jiki, ya tura ƙarƙashin gado. Yau duk munin kudancin Kaduna yana gidanmu. Da zan buɗe kwalin Zonkwa kaɗai, da wasu matan sun koma gidan iyayensu kafin la'asar.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai farin ƙyalle na bango, wanda ake wankewa fiye da yadda ake wanke ƙanena. Akwai fitilu biyu masu lema, da firinta, da wuƙar yanka fasfo, da gwangwanin hoda saboda masu goshi mai ƙyalli. Akwai baƙar kwat guda ɗaya rataye a ƙusa, wadda duk namijin da ya zo cikin singileti yake sawa. Kwat ɗin nan ta nemi aikin soja, ta nemi aikin kwastan, ta shiga jami'a sau ba adadi, har takarar kansila ta tsaya. Sai janareta, da muke kira Fir'auna, domin sai ya ga annoba kafin ya saki wuta.

Shekarar da citta ta ruɓe a gonaki ita ce ta mai da ni mai hoto. A wajenmu citta ce ke ɗaura aure. Da ta ruɓe, sai samari suka fara gaya wa 'yan mata cewa suna jiran nufin Ubangiji. Asabar ta zo ta wuce, majami'u shiru. A shekarar ce kuma idon Baba ya fara hazo. Ya je Manchok ya ɗauki ƙungiyar mawaƙan wata ikilisiya, da aka wanko sai ga riguna reras, kawuna babu. Washegari ya rataya mini kyamara a wuya, ya ja kujera bakin ƙofa. Tun ranar can yake zaune yana ba da umarni, kuma kunnensa ya ƙara kaifi har yana jin idan na karkata kyamara. Abin da ya riƙe mu hoton fasfo ne, domin duk wanda gonarsa ta mutu takarda yake cikawa, yana neman inda za shi.

Kuma kada ku raina fasfo. Kowace ƙasa da nata awon. Wata tana son kai ya cika hoton, wata tana son kafaɗa ta fito. Ba inuwa a bango, ba hula, ba murmushi. Ku gwada hana ɗan Kafanchan murmushi bayan ya sa kwat, za ku san aiki ne.

Mutum ɗaya ne ban sha wahala da shi ba a kan murmushi, shi ne Baba Bitrus. Dattijon ikilisiya ne, manomin citta, sa'an babana, dogo mai sanƙo, irin mutumin da idan ya shigo majami'a jarirai ma suke gyara zama. Ya zo wata safiya da tasa kwat, ya gaishe da Baba, ya zauna a gaban farin ƙyalle.

"Nas ya ce in zo a ɗauke ni na Kanada," in ji shi. "Ya ce a rubuta sunan shago da ranar a baya."

Nas ita ce matarsa, Mama Rifkatu. Ta yi aikin jinya a nan shekaru kafin ta sami hanya ta tafi Kanada. Bai taɓa kiranta da sunanta ba, ita ma sai dai ta ce Dattijo. Hausarsa kuma ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma duk masu ba shi shawara a kan haka sun gaji sun bari. Da ta tafi ya ce shi ba zai bar gona ba. Da gona ta bar shi, sai ya yarda ta ɗauko shi.

Na ɗauke shi sau ɗaya tak. Fuskar nan kamar don ofishin biza aka halicce ta.

Bayan wata da watanni ya dawo, wannan karon da waya a hannu, ya miƙa mini ita da hannu biyu kamar yana miƙa kwanon baiko a majami'a. Mama Rifkatu ce a kiran bidiyo, da rigar aiki, tana tafiya cikin wani dogon baranda.

"Godiya, ke ce? Kin girma. Ina babanki? Danladi, ya ido? To ku saurare ni, domin mutumin nan idan na yi masa bayani sai ya ce amin."

Ta bayyana mana yadda abin yake. Ba kowa ne zai zauna a can ya ce a kawo masa mijinsa ba. Sai wanda ya sami takardar zama ta dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, ba ya rayuwa da tallafin gwamnati, kuma ya sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyin wanda yake kawowa, ci da sha da wurin kwana, na wasu shekaru. Duk wannan ta gama.

"Wai shi zai ciyar da ni," in ji Baba Bitrus, yana kallon babana. "Danladi, ka ji. Har ya sa hannu."

"Ka ci dai," in ji Baba.

Baba Bitrus ma ya gama nasa ɓangaren. Ya je Abuja likita ya duba shi ciki da waje, an ɗauki zanen yatsunsa, 'yan sanda sun ba da takarda cewa bai taɓa ko kallon kazar wani ba. Saura abu ɗaya. Masu duba takardun sun rubuto suna neman ƙarin shaida cewa auren na gaske ne kuma yana raye, domin ana yawan kawo musu auren takarda. Takardar aure tana nan, amma ita kaɗai ba ta isa ba, ga shi sun daɗe a rabe, ga shi babu takardar haihuwar yaro mai sunayensu biyu. Suna son hotunan su biyu tare, a wurare dabam-dabam, a shekaru dabam-dabam. An ba da ɗan lokaci. Idan ya wuce, za a iya ƙin amincewa, kuma sake farawa aikin shekaru ne.

"Ba ku da hirar waya?" na tambaya.

"Buɗe saƙonnin wayarsa ki gani," in ji ta.

Na buɗe. Ita ta rubuta shafi guda, shi ya amsa da amin. Ta turo hoton dusar ƙanƙara, amin. Ta ce ta faɗi a bene, amin. Na yi ta jan yatsa sama har babban yatsana ya yi zafi, amin ce kawai ke zubowa. Sau ɗaya ya yi doguwar magana, a saƙon murya, kuma a kan akuyar da ta haihu ce.

Washegari ya kawo duk hotunan gidansu a cikin leda. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk da ina cikinsa. Mu a nan, miji da mata na zamaninsu ba sa tsayawa hoto tare. Idan aka ce hoto, dattawa su jeru gefe guda, zumuntar mata su jeru cikin zanin ƙungiya a wani gefen. Ga Baba Bitrus da dattawa. Ga Baba Bitrus da kwamitin gini. Ga Mama Rifkatu cikin mata arba'in masu ɗankwali iri ɗaya, sai ta nuna kanta kafin ka gane ta. Lokacin da ta zo hutu, ta ɗauke shi a gona, shi kuma ya ɗauke ta a ƙofar gida, da rabin yatsansa a ciki. Hoton aurensu guda ɗaya ne, na dangi duka, ƙauyuka biyu ne a tsaye, kan ango bai fi ƙwayar riɗi ba, amarya kuma mayafi ya rufe ta.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. A ba ni kwamfuta, in ɗauko shi daga cikin dattawa, in ɗauko ta daga zumunta, in ajiye su a gaban ruwan Matsirga suna riƙe da hannun juna.

"Kada ki kuskura," in ji Mama Rifkatu. "Idan suka gano an taɓa hoto ɗaya, sun rufe mana ƙofa shekaru. Auren gaske zai koma na ƙarya."

Baba Bitrus ma ya ƙi, amma nasa dalilin dabam. Riƙe hannun ne bai yi masa ba.

Babana, wanda tun ɗazu yake zaune kamar yana gyangyaɗi, ya ce, "Bitrus, akwai bikin da aka yi a ƙasar nan da ba ka je ba?"

"Sai in ba ni da lafiya."

"Kai da wa kake zuwa?"

"Da Nas. Wa zai kai shi?"

"Godiya, je ki jawo kwalayen."

Haka muka rufe shago da rana muka koma tsakar gida. Aikin ya rabu biyu: Baba yana da tunani ba ido, ni ina da ido ba tunani. Shi zai ce, "Nemo kwalin Zonkwa, jana'izar tsohon hedimasta, an yi ruwa ranar, suna wajen bishiyar mangwaro." Ni kuma in zauna da gilashin ƙara girma ina bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda aka ɗauka nake kallo ba, bayansa nake kallo. Na yi atishawa har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Na ga malaman makarantarmu da gashi. Na ga fastonmu yana rawa da cinyar kaza a hannu, kuma wannan na ajiye shi gefe saboda gaba.

Na farko a Zonkwa ya fito. Wata mata ce a gaba, ta rufe ido ɗaya. A bayanta, can wajen mangwaro, Baba Bitrus ne riƙe da lema a kan Mama Rifkatu, shi kuwa ruwa yana dukan sanƙonsa. Daga nan suka yi ta fitowa. A bikin godiyar girbi suna ɗauke da kwandon citta ɗaya, kowa da kunne guda. A wani ɗaurin aure a Kagoro yana tayar da babur, tana baya da kaza a hammata, ɗayan hannun a kafaɗarsa. A wani suna cin shinkafa a faranti ɗaya a bayan rumfa, yana tura mata naman. A wasu yana da sauran gashi, a wasu ya tafi, sai ga shekarun sun jera kansu ba tare da an rubuta ba.

Mafi kyau a kwalin Manchok yake. Wanda aka ɗauka wani ƙato ne da ya hangame baki yana hamma, shi ya sa bai saya ba. Amma ya tsaya a gefe, ya bar rabin hoton fili, kuma hasken yamma ya faɗo daidai a kansu. Igiyar takalmin Mama Rifkatu ta tsinke. Baba Bitrus, dattijon ikilisiya, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a ƙasa yana ɗaure mata. Ita kuma ta dafa sanƙonsa don kada ta faɗi, tana dariya har haƙoranta na baya. Fuskokin biyu sun fito sarai.

Na sa su duka a sikana. Ban taɓa komai ba. Kowane na bar shi cikakke da mai hamma da mai rufe ido, na zagaye inda suke, na ƙara girman wurin a gefe, Baba ya faɗi garin da bikin na rubuta a ƙasa. Sannan muka kira Baba Bitrus, shi kuma ya kira Nas.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso na Manchok sai ya miƙe tsaye.

"Danladi. Wa ya ba ka izini?"

"Ba kai na ɗauka ba. Mai hamma na ɗauka."

"Wannan ba zai je ko'ina ba."

"Nuna mini," in ji Mama Rifkatu. Na juya wayar ga allon kwamfuta. Ta matso da fuskarta ta duba. Sai na ga tana goge ido da bayan hannu. "Takalmin nan ma aro na yi," in ji ta.

"Nas, ka ji ni, a cire wannan. Turawa za su ga na durƙusa. Za su ce wane irin mutum ne."

"Za su ce mijina ne. Abin da suka tambaya ke nan."

"A tura na lema."

"A na lema ƙeyarka ce ta fito. Ƙeya kowa yana da ita."

"Idan dattawa suka gani fa?"

"Dattawa ne za su ba ka biza? Dattijo, ka saurare ni. Na gaji da dafa tuwon mutum ɗaya. Ko hoton nan ya zo, ko ka zauna can kai da akuyarka kuna yi wa juna amin."

Babana ya yi tari, irin tarin da yake ɓoye dariya a ciki. Baba Bitrus ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon allon. Daga nan ya kafa sharaɗi: ba za a wanke shi ba, ba za a liƙa shi a allon talla na ƙofar shago ba, kuma idan maganar ta fita gari, ya san bakin wa ta fito. A nan ya kalle ni. Na ɗaga hannu na yi alkawari, kuma na cika shi har ranar da ya shiga jirgi.

Aka tura. Sai jira, wanda shi ne ɓangaren da ba mai hoton da ya iya gyarawa. Damina ta shigo ta fita. Kullum Lahadi bayan sujada in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Sai wata rana Mama Rifkatu ta kira wayata tana guɗa, har mai askin maƙwabta ya kusa yanke kunnen mutum. An amince.

Ana saura kwanaki ya tafi ya shigo shago da rana tsaka, lokacin da ba kowa. Babana yana kujerarsa a bakin ƙofa, hula a kan fuska. Baba Bitrus ya bi ta gefensa a hankali, ya zo har bakin teburina, ya sunkuyo.

"Yarinya. Wancan na Manchok. Yana nan?"

"Yana nan, Baba. Ban nuna wa kowa ba."

"Ki wanke mini ɗaya. Ƙarami, wanda zai shiga Littafi Mai Tsarki." Ya waiga. "Ki yanke mai hamman. Ban ma san shi ba."

Na roƙi Fir'auna ya tashi, na wanke, na yanke, na sa a ƙaramar ambulan. Ya buɗe ya duba, ya tura a aljihun ƙirji ya danne da tafin hannu.

"Kada babanki ya ji," in ji shi.

Daga ƙarƙashin hula Baba ya ce, "Ido ne ya tafi, Bitrus. Ka gaishe da Nas."